Irin Geron Gidan Sada

Ruwan shuka ya sauka a Katsina bayan sallar asuba, mai ƙarfi, har kwatocin Ƙofar Marusa suka cika suka tumbatsa. Yana ɗaukewa Sabuwa ta leƙa ɗakin kakarta da kofin koko a hannu, ta tarar da wayam. Tabarma a naɗe, babu takalman Inna Ma'u, babu sungumin da ke jingine a bayan ƙofa. Ta ɗaga kai ta dubi inda ake rataye gora, ƙusa kaɗai ta gani.

Goran nan fa ba abin wasa ba ne. Irin gero ne a ciki, cakuɗe da toka saboda ƙwari, irin da ake shukawa a ƙauyensu, Gidan Sada, tun kakannin kakanni. Ranar da 'yan bindiga suka tashi garin, kowa na ta kan akuya da katifa, ita Inna Ma'u goran ta goya kamar jariri. Damina biyu ta wuce suna gidan haya a birni, iri na rataye, kuma tsohuwar ta sha faɗa cewa in ya tsallake ta bana ya mutu, ko an shuka ba zai tsiro ba.

Audu, uban Sabuwa, ya yi magiya har ya gaji. "Inna, don girman Allah ki bar zancen komawa ƙauyen nan. Hanyar nan ko mu maza ba ma bin ta." Sai ta yi shiru. Shirun Inna Ma'u kuwa, duk wanda ya san ta ya san ba yarda ba ce.

Ga shi Audu ya fita acaba tun da duhu, uwar Sabuwa ta tafi gidan da take wanki. Yarinya ta dire kofin, ta zari hijabi, ta zuba da gudu cikin taɓo. Silifas ɗinta ya tsinke a hanya, ta kwashe shi a hannu ta ci gaba.

A tashar motocin ƙauye ta hango sungumi ɗaure a saman wata tsohuwar mota. Ga Inna Ma'u can a kujerar baya, ta rungume gora a cinya, ta ɗaure fuska tamau. Direba na buga jikin motar yana ihu: "Saura mutum ɗaya! Mutum ɗaya mu tashi!"

Sabuwa ba ta yi shawara da kowa ba, ta faɗa ciki ta zauna kusa da kakarta.

"Ina kwana, Inna."

"Ke! Ubanki ne ya aiko ki? Sauka, ɗiyar nan, tun raina bai ɓaci ba."

"Ba wanda ya aiko ni. Gida za ni."

"Gidan wa? Ji min ja'ira! Sauka na ce."

Wani dattijo a gaba ya juyo ya yi ƙasa da murya. "Baba, kada ki tahi da yarinya. Shekaranjiya ma sun tare hanya, sun shiga daji da mutane." Direba ya rufe ƙofa ya tada inji, ya dube su ta madubi. "Da ita za ku, ko ta sauka? Ni fa ba na son rana ta yi min a hanyar can."

Sabuwa tsoro take ji sosai. Amma gaskiyar magana, rabin zuciyarta so yake motar ta tashi. Tana kewar tsamiyar ƙofar gidansu, da rumbun da take ɓuya a ƙarƙashinsa, da ƙamshin ƙasar gona in ta sha ruwa. Birni bai taɓa yi mata ba.

Ta riƙe bakin zanen tsohuwar ta ce, "Inna, ke kike sara da sungumi, ni nake bin ki ina zuba iri ina rufewa da diddige. Ke kika ce haka kika bi kakarki. To in na sauka, wa zai bi ki?"

Inna Ma'u ta dubi goran, ta dubi ƙafar jikarta, babu takalmi, taɓo har ƙauri. Motar ta fara gangarawa bakin tasha.

"Tsaya!" Tsawar da Inna Ma'u ta daka sai da direba ya taka burki kowa ya yi gaba. "Tsaya, ɗan nan. Kwance min sungumina."

Suka tsaya a gefen titi har motar ta ɓace. Tsohuwar da ko ranar gudu ba wanda ya ga hawayenta, yau ga shi yana bin kumatunta ba ta ko sharewa. Daga nan suka juya gida.

Bayan ɗakinsu akwai ɗan fili inda ake shanya, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Inna Ma'u ta kwance igiyar shanyar, ta yi bismilla ta ɗaga sungumi. Tana sara, Sabuwa na biye tana zuba ƙwaya tana rufewa da diddige. Nan da nan filin ya ƙare, goran ko alamar raguwa bai yi ba.

"Inna, wannan ai ko fura ba zai ishe mu ba."

"Wa ya ce miki na ci ne? Na iri ne. In ya nuna ki zaɓi manyan zangarku, ki sussuke, ki sa toka. Baɗi ki sake shukawa, ko a ina kike." Ta toshe bakin goran, ta ɗora shi a hannun yarinyar. "Riƙe da hannu biyu. Ranar da hanya ta buɗe, ke za ki kai shi gida."

"Tare dai za mu, ko Inna?"

Inna Ma'u ta jingine sungumi a bango, ta ce a ɗumamo mata kokon nan.