Ƙofar Ruwan Sarki

Ruwan babban tafkin Angkor ya kawo wuyan ganuwar da ke tare shi, sama kuwa ba ta da niyyar tsagaitawa. Mok, mai tsaron ƙofar ruwa, yana tsaye inda kakansa ya tsaya. In ya zare gungumen da ke tokare da ƙofar, ruwa zai bi magudana ya cinye gonakin shinkafar sarki. In ya bari, ganuwa za ta fashe a kan ƙauye. Can kuwa 'yarsa Rumdul take kwance tana jego, garwashi a ƙarƙashin gadonta, ba a kuma raba mai jego da wuta, balle a gudu da ita.

Sai dai ƙofar nan, tun kaka da kakanni, ba a taɓa ta sai bokan fada ya busa ƙahon katantanwa.

Matarsa Sokha ta hawo ganuwar, laka har gwiwa.

"Baban Rumdul, me kake jira? Sai ruwa ya kawo maka gawar jikanka?"

"Ba a busa ba."

"Ba a busa ba! Kai dai ka zama dutse kamar gumakan haikalin can. Su ma aƙalla murmushi suke yi."

"Ki iya bakinki."

Ana cikin haka sai ga ƙaninsa Sreng, wanda ya aika fada tun da safe, ya dawo yana haki.

"Yaya, ba kowa. Sarki ya gangara kudu a jirgi, da matansa da bokayensa. Birai na tarar a zaure."

Mok ya dube shi sakato. "To, wa zai busa?"

Kai jama'a, dattijo da furfurarsa! Ganuwa ta yi wani gurnani, wani ɓangaren ƙasa ya zabtare ya gangara wajen gidaje. Sokha ta yi kukan kura ta rungumi gungumen. Mok ya janye ta gefe, ya kafa kafaɗarsa, Sreng ya kama masa. Da ƙyar itacen ya goce. Ruwa ya kwararo da ruri, ya shafe gonakin sarki tas, ya bar ƙauye.

Mok ya gyara ɗaurin zanensa, ya juya ya fuskanci hanyar fada. Hanya fayau, ko kare babu.

"Taho mu je," in ji Sokha. "Yarinya ta tsira."

Hawaye ya zubo masa.

"Yi gaba. Bari in ɗan jira, ko wani zai zo ya kama ni."