Mita Tara da Ɗigo Huɗu

Shekara ashirin da biyu muna sana'ar labule ni da ƙanena. Ni nake ɗinki a shago, shi yake zuwa gidaje ya yi awo ya kafa ƙarfe. Lafiya lau muke har ranar da ƙungiyar masu shagunan layinmu ta shirya kwas na kwana uku kan aikin kwamfuta. Ya dawo da takardar shaida da wani kati rataye a wuya, wanda ko wajen cin abinci ba ya cirewa. Nan take maƙwabta suka laƙaba masa suna Ofisa. Mutum ne ɗan shekara arba'in da biyar, da furfura a gemu, amma ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

A satin ne aiki ya zo daga gidan wani shugaban kamfani da ya yi ritaya, wanda har yau kowa Shugaba yake ce masa, har matarsa. Falonsa na da irin tagar nan da ke turo tumbi waje, rabin da'ira, gilasai biyar a jere. Irin wannan taga sai an lanƙwasa mata ƙarfen labule. A da, igiya ƙanena yake bi da ita jikin bangon, ya ƙulla alama, ya miƙe ta a ƙasa ya sa tef. Aikin minti biyar.

"Yaya, an wuce zamanin igiya," in ji shi. "Faɗin bakin tagar kawai na auno, mita uku. Sauran na'ura za ta yi."

Kwana biyu ya yi a kan teburin yanka yadina yana haɗa jadawalin lissafi a kwamfuta, irin mai ƙananan gidaje a jere, ka zuba lamba a wannan gida amsa ta fito a wancan. Ya sa launuka, ya sa sunan shagonmu a sama da manyan baƙaƙe. A rana ta uku ya kira ni na ga amsa: mita tara da ɗigo huɗu.

"Tara?" na ce. "Tagar da bakinta mita uku ne? Ai ko da ido ba za ta wuce biyar ba."

"Ido ƙarya yake yi, Yaya. Lanƙwasa tana cin ƙarfe. Kin ga gidan amsar ya yi kore? Kore yana nufin daidai."

"Wa ya ce masa ya yi koren?"

"Ni mana."

Na bar maganar. Gaskiyar magana, tsoro nake ji a ce tsohuwa ce ba ta waye ba. Na zauna na ɗinka labulen mita tara har bayana ya riƙe.

Mai waldan da ke lanƙwasa mana ƙarfe ya daɗe yana juya takardar da aka bugo masa. Ya ce shekara talatin bai taɓa ganin taga mai wannan girman a gidan zama ba, amma tunda na'ura ce ta fitar, shi waye? Da ya gama, ƙarfen ya ƙi shiga kowace mota. Mutum biyar aka ɗauka suka sungume shi a ka. Ofisa na gaba yana tsayar da motoci da katin wuyansa, ni ina baya da ƙullin labule, ina fatan kada na haɗu da wanda ya san ni. Na haɗu da mutum shida.

Da kyar aka karkata shi ya shiga falon. Ya miƙe daga wannan bango zuwa wancan, tagar tana can bayansa 'yar ƙarama abin tausayi. Shugaba ya dubi ƙarfen, ya dubi tagar, ya dubi ƙanena.

"Ranka ya daɗe," in ji Ofisa, ko gezau, "tagar ce ba daidai ba."

Ya buɗe kwamfutar ya nuna masa. Shugaba ya sa tabarau, ya gyaɗa kai kamar mai duba rahoton shekara, ya ce dama tun tuni yana zargin birkilan nan. Aka buga waya, birkilan da ya gina gidan ya zo a gurguje. Da farko ya rantse yadda aka zana masa haka ya gina. Aka juyo masa da fuskar kwamfutar. Ya kalli launukan, ya sosa ƙeya, murya ta yi ƙasa.

"To... wataƙila ginin ne ya tsuke da ya bushe."

"Ranar Litinin a fasa a gyara," in ji Shugaba.

Nan ne matar gidan ta fito daga ɗaki. Malama ake ce mata, don shekara talatin ta yi tana koyar da lissafi a sakandare.

"Falon wa za a fasa?" ta ce. Ta ja kujera ta zauna gaban kwamfutar. Ba ta yi minti biyu ba ta ɗora yatsa a kan wani gida. "Zo nan, bawan Allah. Me ka rubuta a kan wannan?"

"Rabin faɗi, Malama."

"Nawa ka zuba a ciki?"

"Uku."

"Rabin uku nawa ne?"

Ban san lokacin da ƙanena ya mayar da hannayensa baya ba.

"Ɗaya da rabi, Malama."

Ta goge ta rubuta. Amsa ta koma mita huɗu da ɗigo bakwai, gidan kuma yana nan kore shar. Birkila ya sauke ajiyar zuciya ya ce ai shi ma abin da ya faɗa ke nan tun farko.

Na fara ba da haƙuri, ina cewa gobe za a fitar da ƙarfen a yanke. Sai Shugaba ya ɗaga hannu. Ashe duk wannan lokacin yana zaune a kujerarsa ta gaban taga, ƙarfen ya kewaye shi.

"Ba inda za shi. Duk unguwa ta ga shigowarsa. Abokaina uku sun bugo suna tambayar me nake ginawa. In ce musu kuskure ne? A kafa shi a silin, tumbin ya kalli cikin falo."

Haka aka yi. Da muka rataya labulen, sai ya raba falon biyu kamar dandalin wasan kwaikwayo, kujerar Shugaba a ciki. Yanzu in baƙi suka zo, a waje suke zama su jira, sai direbansa ya ja labulen a hankali, ga Shugaba a zaune da jarida, hasken taga a bayansa.

Cikin wata biyu muka samu aiki huɗu irinsa, duk daga abokansa. Ɗaya ma gidansa ba taga mai tumbin sam. Ofisa ya ajiye jadawali biyu a kwamfutar, wanda Malama ta gyara da na asalin, wanda ya sa wa suna "Na Manya". Motar da ya tarar a ƙofar gida ita ke gaya masa wanda zai buɗe. A layinmu kuwa cewa yake da gangan ya ƙirƙiro salon.

Shekaranjiya Malama ta zo shago da kanta, da awonta a rubuce a takarda. Labulen ƙofar ɗakinta take so, mai kauri sosai, wanda sauti ba ya ratsawa. Ta ce direban ya fara yin gyaran murya yana sanar da sunayen baƙi kafin ya ja labulen, ranar nan kuma har da ita ya sanar, lokacin da ta kawo wa mijinta maganinsa.