Tarwaɗar Malam Sambo

Tarwaɗar ta sake suɓucewa daga hannun Sambo, ta faɗi ƙasa. Ya tsaya yana kallonta. A makarantar horon malamai an koya masa sunayen kogunan duniya, amma ba wanda ya ga dacewar gaya masa yadda ake riƙe abin da ke fitowa daga cikinsu.

Sabon malami ne a firamaren Kalgo, shekarar da gwamnati ta bubbuɗe makarantu. Ɗan makiyaya ne daga wata ruga a bayan Gwandu, inda fura da nono ke iske namiji a zaune. Yau kuma yayarsa Kulu na tafe. Baffansu ne ya aiko ta: in ta tarar ba ya iya ciyar da kansa, sai ya tattara ya koma gidan Kawu Bawa da ke nan Kalgo, inda ake rufe ƙofa da magariba, rediyo kuwa ko sunanta ba a ambata.

Kifin kyauta ce daga Inna Dije, matar masuncin da ya ba shi hayar ɗaki. Kunya ta hana shi tambayarta yadda ake gyara shi. Ya yi tunani irin na masu ilimi: abu mai yauƙi, sabulu ne maganinsa. Ya ɗauko na wankin kaya, ya cuɗe kifin tas.

Miya na tafasa a kan risho, kumfa ya ɗaga murfi. Inna Dije ta leƙo.

"Malam, girki ake ko wanki?"

"Girki, Inna."

"Toka ake sa wa yauƙi, ɗana. Amma ba laifi, cikinka zai fita fes."

Kafin ya yi wata dabara, sai ga sallamar Kulu. Ta duba shimfiɗa, ta leƙa randa, ta zauna. Ya ajiye mata shinkafa da miya. Ta buɗe kwanon, ta ja da baya, ta toshe hanci da mayafi.

"Kifi? Sambo, kifi kake ci yanzu?"

Ya manta sarai: a rugarsu ba mai kai kifi baki.

"Ni kam ba da ni ba," in ji ta, tana kwance ƙullin furarta. "Amma Baffa ya ce in gani da idona. Ci in gani."

Ya kai loma. Ɗaci ya kama masa harshe, hawaye suka taru.

"Da daɗi?"

"Ƙwarai, Adda. Yaji ne."

"To ƙara mana. Dubi wuyanka."

Ya cinye kwanon kakaf, yana murmushi.

Da la'asar ya raka ta tasha. Ta hau mota tana girgiza kai.

"Zan gaya wa Baffa ka iya. Ka ma zarce, ka zama Bakabe masunci. Gidan Kawu ba zai ɗauki wannan ƙarni ba."

Sambo ya dawo ɗakinsa da sassarfa. Ya kunna rediyo, ya ƙure murya yadda zai jiyo ta daga bayan gida, sannan ya ɗauki buta.