Abin da Na'ura ta Naɗa Ranar Talata

Shekara goma sha ɗaya Zubairu ya yi yana kiɗa wa Usaid waƙa. Shi ɗan Kawaji ne, mahaifinsa tela. Usaid kuwa ɗan Nassarawa GRA ne, autan Alhaji Sanusi, tsohon alƙalin babbar kotu da ya yi ritaya. A sakandare suka haɗu, aka ajiye su benci ɗaya, daga nan ba su sake rabuwa ba. Usaid ke da murya, Zubairu ke da hannun fiyano. A ɗakunan baya na gidan su Usaid suka kafa sutudiyo, suka manne bango da soso, suka yanke wani lungu da gilashi inda mawaƙi ke tsayawa. Alhaji bai taɓa son sana'ar ba, amma bai hana ba. Ƙafarsa dai ba ta taɓa taka ɗakin ba.

Ranar wata Talata da hantsi Usaid ya shigo yana dafe da ƙeya.

"Kaina ke sara tun asuba," in ji shi. "Mu bari sai gobe mana."

"Baiti ɗaya ya rage," Zubairu ya ce, idonsa na kan kwamfuta. "Asabar ne bikin mutanen da suka ba mu aikin nan. Shiga ka yi, sai ka je ka kwanta."

Usaid ya shiga. Sau shida Zubairu yana mayar da shi, wai muryar ba ta hau kiɗan ba. A na bakwai, yana tsakiyar baitin, ya yi shiru, ya jingina da gilashi, ya sulale ƙasa da abin ji a kunnensa. Kafin direban gidan ya kai su asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Bayan la'asar aka sallace shi, aka kai shi. Shekararsa talatin da ɗaya.

Da aka dawo daga maƙabarta, Hajiya Hafsatu, mahaifiyar Usaid, ta aika a kira mata Zubairu. Ya same ta a falo cikin mata, ta zama kamar ba ita ba, carbi a hannunta amma ba ta ja. Ya durƙusa nesa kaɗan.

"Zubairu, kai ne a wurin," ta ce. "Abu ɗaya nake so ka faɗa mini. Ya samu kalmar shahada?"

Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa yana kallonsa. Zubairu ya dubi kafet.

"Ya samu, Umma."

Ta rufe fuska da mayafi tana hamdala. Kafin magariba maganar ta zagaye rumfar zaman makoki. Duk wanda ya zo gaisuwa sai a ce masa ai yaron ya yi kyakkyawan ƙarshe, da kalma a bakinsa ya cika. Mawaƙa 'yan uwansu suka rubuta haka a waya suka yaɗa. Zubairu yana zaune a ƙarshen tabarma yana amsa "amin". Kwana bakwai yana zuwa daga Kawaji da safe, ya koma da yamma, bai ko kalli hanyar ɗakunan baya ba.

A rana ta takwas, an kwashe rumfa, mai gadi yana share ganyen darbejiya a harabar gidan, Alhaji Sanusi ya fito da sandarsa ya tsaya a gabansa.

"Mabuɗin ɗakinku yana wurinka?"

"Yana nan, Baba."

"Mu je."

Ɗakin yana nan yadda suka bar shi. Takalmin Usaid ƙafa ɗaya a bakin lungun gilashi, ɗayan ya faɗi a mota. Ledar ruwan da ya sha rabi tana kan tebur. Alhaji ya daɗe yana kallon sosan bango, sannan ya zauna a kujerar roba ya ɗora hannuwa biyu a kan sandar.

"Na tambayi wani yaro da ya san aikin nan," ya ce. "Ya ce mini idan mawaƙi yana cikin wancan wurin, na'ura tana naɗar duk abin da ya fita daga bakinsa. Haka ne?"

"Haka ne."

"Ka kashe ta lokacin da ya faɗi?"

Zubairu ya girgiza kai. Bai tuna da ita ba, ta ci gaba da naɗa har wuta ta ɗauke.

"To kunna mini."

"Baba, don Allah..."

"Shekara talatin da biyu na yi ina sauraron shaidu, Zubairu. Na ga fuskarka ranar da Hajiya ta tambaye ka. Kunna."

Zubairu ya tayar da kwamfutar. Ya nemo aikin ranar Talata, ya danna. Kiɗan fiyanonsa ya cika ɗakin, sannan muryar Usaid ta shigo, tas da ita, kamar yana bayan gilashin. Waƙar amarya ce, yana yabon tafiyarta da lallen ƙafarta. Aka ji muryar Zubairu ta katse shi: "Sake, ba ka hau ba." Ya sake. Aka kuma katse shi. A wani wurin Usaid ya ce, "Wallahi idona har duhu yake gani," Zubairu ya amsa da dariya, "Ragwanci dai. Sake."

Alhaji bai motsa ba.

Sai na bakwai. Muryar ta ɗauko baitin, ta kai rabi, ta tsaya. Numfashi. "Zubairu, riƙe ni." Ƙarar faɗuwa, makirufo ya bugi gilashi. Kiɗan ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Can aka ji an banko ƙofa, aka ji Zubairu yana kiran sunansa, sannan ya shiga laƙƙana masa kalma, yana maimaitawa, yana roƙonsa ya faɗa. Minti huɗu ana jin murya ɗaya tak. Babu wadda ta amsa.

Zubairu ya tsayar da na'urar. Ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Ni na tsare shi, Baba. Ya ce mu bari sai gobe. Da na bar shi ya je asibiti tun da safe..."

"Da ka bar shi, da a ɗakinsa za a tsince shi, babu kowa a kansa." Alhaji ya yi gyaran murya. "Ko kuma da ya rayu. Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba, kuma ba za ka taɓa sani ba. Da wannan za ka zauna."

Daga waje ana jin tsintsiyar mai gadi.

"Ban san haka muryarsa take ba," Alhaji ya ce a hankali. "Ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa na ji ba."

Ya ciro hankici ya goge gilashin idonsa, ya mayar.

"Ƙarya ka yi wa Hajiya. Ba zan ce ka kyauta ba. Amma ba ni zan warware mata ba, kai ma kada ka kuskura. Allah Ya san abin da ke zuciyar bawansa, ba Ya buƙatar shaidarmu. Wannan kuwa, goge shi yanzu ina gani."

"Ita ce waƙarsa ta ƙarshe, Baba."

"Na sani. Yau tana hannunka, gobe tana wayar kowa, jibi ta isa kunnen uwarsa. Goge."

Zubairu ya miƙe. Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya danna. Ya shiga inda take ajiye abin da aka zubar, ya share can ma. Alhaji ya dogara sandarsa ya tashi. A bakin ƙofa ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki takalmin nan ƙafa ɗaya, ya fita da shi a hannu.

Washegari Zubairu ya zo da a-kori-kura ya kwashe fiyano da lasifikoki. Hajiya ta leƙo ta taga ta sa aka kira shi, ta ba shi manyan riguna uku na Usaid a leda, ta ce ba wanda ya fi shi cancanta, tunda shi Allah Ya nufa ya ji kalmar ɗanta ta ƙarshe. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya.

A Kawaji ya jera kayan a shagon mahaifinsa na dā, ya rufe su da zanin gado. Mawaƙa suna ta kiransa ya yi musu kiɗa, yana cewa sai an kwana biyu. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan hau babur ya je Nassarawa gaishe da Hajiya, domin ta ce ganinsa yana rage mata zafi. Takan sa a kawo masa abinci, ta zauna ta ce ya sake ba ta labarin ranar. Shi kuma ya sake ba ta, yadda ya faɗa tun farko. Wani lokaci Alhaji yana zaune a gefe da jarida a hannu, ba ya ɗaga kai har a gama.