Raguwar Ɗakin Guga

Shekara goma sha ɗaya Yaya tana shugabancin ɗakin guga na wani otal, babu wanda zai rantse ya taɓa ganin ta a zaune. Ba ta tsawa, ba ta harara, kanta kawai take zagi. Idan ƙafa ta fara yi mata zugi sai ka ji tana gunaguni, “Raguwa kawai, har kin gaji?” Idan wuyan riga ya ƙi kwanciya ta ce, “Shashasha, hannu kamar na aro.” A ganinta ba ta takura wa kowa ba, tunda bakinta ne kuma jikinta ne.

Ƙanwarta Auta tana teburi na biyu, da cikin wata bakwai. Ciki na uku ke nan, biyun farko duk sun zube, shi ya sa gida kaf ake lallaɓa wannan kamar ƙwai.

Wata rana otal ya cika maƙil, zannuwan gado sun taru har bakin taga, tururi ya sa bango yana gumi. Sau biyu Yaya ta ce, “Auta, je ki huta mana,” ba tare da ta ɗaga kai daga dutsen guga ba. Sau biyu Auta ta ce to, ta ci gaba da ninki. Wajen ƙarfe biyu na rana aka ji faɗuwarta tsakanin teburi da kwandon tawul.

A asibiti nas ta kwantar da ita, ta shafa mata mai a ciki, ta dinga yawo da na'ura tana neman bugun zuciyar ɗan. Shiru.

“Awa nawa ta yi a tsaye?” in ji nas.

“Bakwai,” Yaya ta ce, muryarta ciki-ciki.

“Wane marar imani ne shugabanta?”

Yaya ta so ƙasa ta tsage ta shige. “Ni ce. Kuma ni ce yayarta.”

Nas ta dube ta sama da ƙasa, ta mayar da hankali kan na'urarta. Da ma zagin ta ta yi, da ya fi sauƙi.

Auta ta buɗe ido tana hawaye. “Yaya, ki yi haƙuri, na bar miki aiki.”

“Wa ke ta aiki? Ba ce miki na yi ki huta ba?”

“Kin ce. To amma kullum ina jin ki kina kiran kanki raguwa, ke da ko ruwa a tsaye kike sha. In ke raguwa ce, ni in na zauna me za a kira ni? Kaf ɗakin nan babu mai iya zama, Yaya. Kunyarki muke ji.”

Kunya ta rufe Yaya har kunnuwanta suka yi zafi. Bakinta ya fara motsi da kansa, “Muguwa, azzalu...” sai ta ga idon Auta a kan leɓenta, tana sauraro kamar kullum. Ta haɗiye sauran da ƙyar.

Can na'urar ta kama wani sauti, siriri, mai sauri.

“Ga shi nan,” nas ta ce. “Amma daga yau sai kwanciya har haihuwa. Ta sake irin wannan tsayuwa, babu ruwana.”

Auta ta yunƙura za ta tashi zaune, don ta ga Yaya har yanzu a tsaye take. Yaya ta dafe mata kafaɗa. Ta zauna a gefen gadon, ta ja takalmanta da ƙyar suka fita, ta ɗaga ƙafafun nan da suka kumbura suntum ta miƙe su kusa da na ƙanwarta, a gaban nas da kowa.

“Auta,” ta ce, “wallahi na gaji. Na daɗe da gajiya.”

Sai a lokacin Auta ta saki jiki ta mayar da kanta kan filo.