Jan Ɗigo a Allon Mzee Kiplagat

Wata guda Nyokabi ta yi tana gyaran shafin da ke nuna lafiyar layukan intanet na kamfaninsu a Nakuru, tana lallaɓa shi kamar jariri. Kowace eriya ɗigo ce a kan taswira: kore in tana aiki, ja in ta mutu. Gwaji aka ɗauke ta aiki, kuma wannan shafin ne zai yanke ko ta zauna ko ta tattara kayanta.

Mzee Kiplagat, dattijon da ke da kamfanin, ya tsaya gaban babban allon da ke nuna shafin, kofin shayi a hannu.

"'Yata, wannan jan fa?"

"Eriyar Njoro ce ta mutu, Mzee."

"Ja launin abokan hamayyarmu ne. Talla kike yi musu a ofishina? Jibi masu zuba jari za su zo. Mayar da shi kore."

"To mai aiki fa?"

"Kore mai fara'a. Wadda ta mutu kuma, kore mai natsuwa."

Barasa mai hawa eriya, wanda murmushinsa ya daɗe yana dagula mata lissafi, ya leƙo. "Mzee, ni da nake yini a rana, duk kore ɗaya ne a idona."

"Shi ya sa kake saman ƙarfe, ni ina kan kujera."

Ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta dawo ta bi umarni. Amma can a kusurwar ƙasa ta bar wani jan ɗigo, ƙanƙane kamar ƙwayar gero, wanda ba ya fitowa sai layi ya mutu. Barasa kaɗai ta gaya wa.

Ranar da baƙi suka zo, motar haƙa hanya ta tsinke babbar waya, rabin gari ya rasa intanet. Allo ya yi kore shar kamar gonar shayi. Wayoyin ofis, da yake su ma a kan layin suke, suka yi tsit.

"Kun gani ko?" in ji Mzee. "Ko mutum ɗaya bai kira da ƙorafi ba."

Barasa ya hango ɗigon, ya dubi Nyokabi, ya ɗauki hular kwano ya fice gyara. Mzee ma ya hango shi. Ya zaro hankici ya goge, ya sake gogewa. Da ɗigon ya ƙi goguwa, sai ya tsaya ya tare shi da bayansa.

"Nyokabi, daga yau kin zama ta dindindin. Amma ki sa a wanke allon nan."

"Na gode, Mzee," ta ce, idonta na kan ƙofar da Barasa ya bi ya fita.