Bututun da Aka Bari a Bango

Armand Ouellette ya tsufa yana fitar da tsofaffin tankunan man ɗumama gida a Lewiston, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: in tanki ya bar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, bututun da ake ɗura masa mai ta waje shi ma ran nan zai bar bango. Ba mai yi masa musu a kan wannan sai yayarsa Lorraine, ita da ta yi rainonsa.

Ran Laraba, a gidan Lorraine, ya zuƙe sauran man, ya yanka tankin gida biyu, ya kwashe dagwalon da ya kwanta a gindinsa, aka fitar da shi. Ya ɗauki zarto ya nufi bangon waje, sai ga ta a bakin ƙofa.

"Kai, ina za ka da wannan?"

"Bututun zan cire, Yaya."

"Ka huda mini bango cikin sanyin nan? Fentin ko bushewa bai gama ba. Bari sai ka zo da kafinta."

"In motar mai ta zo fa?"

"Wa ya kira ta? Tun kana fitsarin kwance kake da shegen naci. Shigo ka ci abinci kafin ya huce."

Gidan iyayensu ne, kuma Lorraine ta sha rantsuwa cewa daga nan sai makabarta. Armand ya ɗaure murfin bututun da jan tsumma, ya ce sai Asabar. Bai tambaye ta ko ta sallami kamfanin mai ba. Ita kuwa ta ɗauka wanda ya cire tanki shi ke sallama. Kamfanin dai ba ya jiran kira, da sanyi ya tsananta sai ya turo mota.

Ran Juma'a Lorraine ta tafi kwana wurin 'yarta a Auburn.

Asabar da safe Armand ya iso da zarto da siminti. Ya ga sawun manyan tayoyi a kan ƙanƙara, ya ga layin da mesa ta ja har gindin bango, ga jan tsumman a yashe. Tanki yakan yi fito in ana ɗura masa mai, kuma direba ba ya ci gaba in bai ji fiton ba. Wannan direban ko hula ce ta toshe masa kunne, ko sauri yake, oho, ya dai ɗura man ta bututun da ba tanki a ƙarshensa.

Wari ya tare shi tun daga ƙofa. Ya leƙa ƙasa. Man ɗumama gidan, mai launin ja, ya shafe daɓen, ya haɗiye matakalar farko, yana bin tsagar siminti yana shiga ƙarƙashin gidan. Ya san abin da ke biyo baya, ya gani a gidajen wasu: a fasa daɓe, a haƙe ƙasa, in warin ya ƙi fita a rushe gidan. Ya koma waje ya tsaya.

Motar Lorraine ta shigo. Ta fito da fara'arta, ta ga zarton a hannunsa.

"To, sarkin naci," ta ce, "je ka huda bangonka. Yau na yarda."